Allurar sassauta tsoka da ƙarin kuben jijiya: me bincike ya nuna?

Tambaya: Wani bawan Allah ya rubuto cewa ƙanwarsa, mai shekara 26, tana da ƙullutai a jiki tun tana budurwa, da tabo-tabo masu duhu a fata tun ƙuruciya, kuma likitoci sun tabbatar cutar NF1 ce, wato wata cutar gado da ke sa ƙari ya riƙa fitowa a kan jijiyoyi. Cikin 'yan watannin nan wani ƙari da ke gefen wuyanta ya ƙara girma, ciwonsa yana sauka har hannu, an ce sai an yi tiyata. Ya karanta cewa allurar sassauta tsoka da ake yi a ɗakin tiyata tana da haɗari ga masu wannan cuta, har wasu numfashinsu ya ƙi dawowa. Ya ƙara da cewa tun da ciwon ya tsananta take shan ƙwayoyin sassauta tsoka daga kemis, yana son ya ji ko suna iya rage ƙarin.

Amsa: Malam, Allah ya ba ta lafiya, ya kuma saka maka da alheri a kan tsayawa da ka yi mata. Aikina shi ne sa majiyyata barci a ɗakin tiyata da kula da numfashinsu har su farka, saboda haka rabin farko na tambayarka aikina ne na kullum. Abin da ka karanta yana da asali, ba ƙirƙirarsa aka yi ba, sai dai asalin nasa tsoho ne kuma ba shi da ƙarfi, kuma bai kai a ɗage tiyatar ƙanwarka dominsa ko da mako ɗaya ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin saƙonka shi ne ƙarin da ke girma da ciwon da ke sauka hannu, tare da ƙwayoyin da take sha, kuma zan zo kansu.

Da farko sai mun raba abubuwa biyu da suna ɗaya ya haɗa su. Akwai ƙwayoyin da ake sha domin ciwon baya ko sanƙarewar wuya, irin su metokabamol da ofenadirin da bakulofen da tizanidin. Waɗannan a ƙwaƙwalwa da laka suke aiki, suna rage saƙon da ke sa tsoka ta ɗaure, shi ya sa suke kawo kasala da gyangyaɗi. Akwai kuma allurar ɗakin tiyata, irin su saksinilkolin da atrakuriyam da rokuroniyam, wadda ba ta taɓa ƙwaƙwalwa ko kaɗan. Ita a mahaɗar jijiya da tsoka take tsayawa ta tare hanya, saƙo ya zo daga jijiya ya rasa mai karɓa, sai duk tsokar jiki ta saki, har da tsokar numfashi. Ba ta sa barci, ba ta kuma kashe zafi, don haka ba a yin ta sai mutum ya riga ya yi nisa a barcin magani, kuma sai da na'urar da za ta yi masa numfashi a gefe. Tushenta gubar kurare ce, wadda mafarautan Kudancin Amurka suke shafawa a kibau. Claude Bernard na Faransa ne ya nuna, a tsakiyar ƙarni na 19, cewa gubar ba ta kashe jijiya ba ta kuma kashe tsoka, mahaɗarsu kawai take toshewa, sannan a watan Janairun 1942 Harold Griffith da Enid Johnson suka fara amfani da ita a tiyatar cire afendis a birnin Montreal na Kanada. Amfaninta a wurinmu biyu ne: mu iya zura bututun numfashi a maƙogwaro ba tare da rauni ba, kuma likitan fiɗa ya samu jiki a sake ya yi aikinsa.

Sai batun ƙarin da kansa. Kalmar jijiya a Hausa tana ɗaukar hanyar jini da kuma igiyar saƙo, to a nan igiyar saƙo nake nufi, wadda ke kai umarnin motsi daga laka zuwa gaɓoɓi ta kuma dawo da labarin zafi da taɓi. Kowace irin wannan jijiya tana da kube da ya lulluɓe ta, kuma ƙwayoyin halittar da ke gina kuben ana kiransu da sunan Theodor Schwann, Bajamushen da ya fara bayyana su. Idan ƙari ya taso daga wannan kube, yakan zo a ɗayan sifofi biyu. Shuwanoma takan girma a gefe, ta ture zaren jijiyar ta shimfiɗe shi a bayanta, saboda haka sau da yawa ana iya ɓare ta a bar jijiyar da ranta. Niyurofaibroma kuwa a cikin saƙar jijiyar take girma, zaren ya ratsa ta tsakiyarta, raba su sai da asara. Ita ce ta masu NF1, cutar da Friedrich von Recklinghausen ya siffanta a 1882, wadda ake samu a kusan haihuwa ɗaya cikin 3,000 a kowace al'umma. An gano ƙwayar gadon da ke haddasa ta a 1990, a kan kromozom na 17, kuma kusan rabin masu ita ba su gada daga uwa ko uba ba, a kansu ta fara. Na faɗi wannan ne domin na sha ganin dangi suna ɗora wa juna laifi a bakin ɗakin tiyata, kowane ɓangare yana cewa daga gidan ɗayan ne.

To daga ina tsoron allurar ya samo asali? Daga 'yan rahotanni ne na majiyyata ɗai-ɗai da aka buga a mujallun likitocin barci a shekarun 1970. Ɗaya daga cikin na farko ma daga Najeriya ya fito: a 1970 Dakta Magbagbeola na asibitin koyarwa na Ibadan ya ba da rahoton wani mai wannan cuta da jikinsa ya karɓi magungunan sassauta tsoka ta hanyar da ba a saba ba. A 1974 Anis Baraka na Beirut ya rubuta makamancin haka, yana cewa majiyyacinsa ya nuna rauni ga maganin kamar mai cutar kasalar tsoka da ake kira mayasteniya. Wasu 'yan rahotanni suka biyo baya daga wasu ƙasashe. Abin lura shi ne ba su zo da magana ɗaya ba: wani ya ce saksinilkolin ta ƙi kama majiyyacinsa, wani ya ce ta kama ta ƙi saki, wasu kuma suka ce sauran allurorin sassauta tsoka ne suka daɗe fiye da kima. Duk da haka littattafan koyarwa suka kwashi maganar suka riƙa maimaita ta, wannan ya ɗauka daga wancan, har ta zama kamar hukunci, kuma ita ce ta gangaro zuwa shafukan da ka karanta.

Ban raina waɗannan likitoci ba, sun rubuta abin da idonsu ya gani, kuma da irin wannan rahoto ake fara gano matsaloli na gaske. Amma rahoton mutum ɗaya ba ya iya nuna cewa cutar ce ta jawo abin da ya faru. Likitan da ya sa mai NF1 barci ya farka lafiya ba ya zama ya rubuta komai, wanda ya gamu da tangarɗa shi ne ke rubutawa, don haka mujallu suna tara labarin tangarɗa ne kawai. Kuma abubuwan da ke sa wannan allura ta daɗe a jiki suna da yawa, ba ruwansu da NF1: raunin ƙoda ko hanta, sanyin jiki a kan teburin tiyata, allurar magniziyam, magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su jentamaisin, da kuma wani ƙarancin sinadari na gado da ke hana jini narkar da saksinilkolin, wanda kan sa allurar minti biyar ta kai sa'o'i. A wancan zamanin ma yawancin ɗakunan tiyata ba su da na'urar auna aikin maganin, da ido ake kimantawa, a ce majiyyaci ya ɗaga kai ko ya damƙi hannu.

A 1996 Richardson da abokan aikinsa a Amurka suka yi abin da ya kamata a yi tun farko. Maimakon su ɗauki mutum ɗaya, sai suka koma suka binciki bayanan dukan masu NF1 da aka sa barci a asibitinsu cikin shekaru masu yawa, tiyata fiye da ɗari, suka duba yadda jikinsu ya karɓi saksinilkolin da sauran magungunan, ba su kuma samu wani bambanci da sauran mutane ba. Wani nazari mai faɗi da Hirsch da abokansa suka buga a Ingila a 2001 a kan sa masu wannan cuta barci shi ma ya tafi a kan cewa hujjar tsohon tsoron ba ta da ƙarfi. Binciken 1996 yana da iyaka, domin waiwaye ne cikin tsofaffin takardu, kuma tiyata ɗari ba ta iya kore abin da ke faruwa sau ɗaya cikin dubu. Amma idan aka ɗora shi a ma'auni da rahotannin da suka saɓa wa juna, shi ne ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Matsayin da ake kai a yau shi ne a yi wa mai NF1 allurar idan ana buƙata, da adadin da aka saba, sai dai a auna aikinta da na'ura daga farko har ƙarshe.

Bari in nuna maka yadda awon yake, domin shi ne maganin tsoron gaba ɗaya. Na'ura ce 'yar ƙarama da ta fi wayar hannu kauri kaɗan, da wayoyi biyu da ake maƙalawa a wuyan hannu, ɓangaren ƙaramin yatsa, daidai inda wata jijiya ke wucewa kusa da fata. Idan na danna, takan aika ɗan ƙaramin lantarki sau huɗu a jere cikin daƙiƙa biyu, babban yatsa ya motsa sau huɗu, kamar mai ƙirga carbi. Da zarar allura ta kama, motsi na huɗu ne ke fara ɓacewa, sai na uku, sai na biyu, daga ƙarshe yatsan ya kwanta shiru. Idan tana sakin jiki kuma sai su dawo a juye, na ɗaya ya fara leƙowa, sauran su biyo. Ali da Utting da Gray ne suka ƙirƙiro wannan awo a Liverpool a 1970, shekarar da rahoton Ibadan ya fito. Ƙa'idarmu ita ce ba a cire bututun numfashi sai ƙarfin motsi na huɗu ya kai kashi 90 cikin ɗari na motsi na ɗaya. Da wannan a hannu, ko da an dace jikin ƙanwarka ya riƙe maganin fiye da saura, abin da zai faru shi ne ta ƙara mintuna a barci na'ura tana yi mata numfashi, mu kuma muna kallon yatsa. Gaskiya ce asibitoci da yawa a ƙasashenmu ba su da wannan na'ura, ko suna da ita batirinta ya mutu a cikin durowa, saboda haka hakkinka ne ka tambaya ko za a yi amfani da ita.

Yanzu ga inda haɗarin gaske yake, wanda shafukan intanet ba su cika ambata ba. Saksinilkolin tana ɗaga gishirin fotasiyam na jini da kusan rabin ma'auni a jikin kowa, kuma wannan ba komai ba ne. Amma tsokar da jijiyarta ta mutu ko ta yi rauni na kwanaki takan yawaita wuraren karɓar saƙo a duk faɗin jikinta, kamar mai jiran baƙon da ya daina zuwa ya buɗe dukan ƙofofi, to idan aka yi wa mai irin wannan tsoka saksinilkolin, fotasiyam yakan kwararo cikin jini da yawa a lokaci ɗaya har ya iya tsayar da zuciya. Wannan ba hali ne na NF1 ba, haka yake ga mai shanyewar ɓarin jiki, da wanda laka ta karye, da wanda ya yi mummunar ƙuna. Sai dai mai NF1 yana iya faɗawa cikin wannan rukuni idan ƙari ya danne laka ko manyan jijiyoyi. Tun da ka ce ciwon ƙanwarka yana sauka hannu, abin da zan fara dubawa shi ne ko hannun ya rame, ko abu yana suɓuce mata, ko ƙafa tana ja. Idan akwai ɗaya daga ciki, zan ajiye saksinilkolin in ɗauki rokuroniyam, wadda ba ta da wannan illa.

Hawan jini shi ma abin bincike ne. Kaso kaɗan na masu NF1 suna da wani ƙari a kan glandar da ke saman ƙoda, mai suna fiyokromositoma, wanda ke zuba sinadarin adirenalin cikin jini ba tsari. Alamarsa ciwon kai mai zuwa ya tafi, da gumi, da bugun zuciya, da jinin da ke hawa kwatsam. Idan ba a gano shi ba aka shiga tiyata, zura bututu kawai ko wasu magunguna, har da saksinilkolin da fankuroniyam, suna iya harba jini zuwa inda zai fasa jijiyar jinin ƙwaƙwalwa. Wasu kuma ƙuncin jijiyar jinin ƙoda ne ke hawar musu da jini tun suna matasa. Duk mai NF1 da jininsa ya hau, ba na yarda a ce masa gajiya ce ko tunani, sai an yi gwajin jini ko fitsari an kore wancan ƙari. Sannan tun da ƙarin nata a wuya yake, dole a ga hoton MRI a san ko ya ture maƙogwaro, ko akwai wani a ciki kusa da akwatin murya, ko ƙasusuwan wuya sun yi rauni. A nan allurar sassauta tsoka tana iya zama haɗari na gaske, amma ta wata fuska: idan aka kashe numfashin mutum sannan aka tarar bututu ba ya shiga, an shiga uku. Shi ya sa a irin wannan hali mukan kashe zafin maƙogwaro da feshi mu zura bututun ta kyamara mai lanƙwasa mutum yana farke yana numfashi da kansa, sai ya shiga sannan a sa shi barci.

Akwai wani abu da zai iya rikita ka idan ba a yi maka bayani ba. Mai yiwuwa ne ka ji likitan fiɗa ya ce ba ya son a yi mata allurar sassauta tsoka yayin aikin, sai ka ɗauka tsoron da ka karanta ne ya tabbata. Ba haka ba ne, dalilin daban ne, kuma a nan ne aka fi yin bincike mai amfani a kan wannan magani da ƙarin kuben jijiya. A gefen wuya akwai curin jijiyoyi da ke fita daga laka su rarrabu zuwa kafaɗa da hannu da yatsu, kuma idan ƙari ya cakuɗe da su, ido kaɗai ba ya iya bambance zaren da ke aiki da naman ƙari, duka fari-fari ne. Sai likita ya ɗauki wani tsinke mai ɗan lantarki ya taɓa zaren kafin ya yanka. Idan hannu ya zabura, ko na'urar da aka soka wa ƙananan allurai a tsoka ta yi ƙara, to wannan zaren mai rai ne, a bar shi. Idan shiru, ana iya yankewa. To ka ga idan ni na toshe mahaɗar jijiya da tsoka da allurata, kowane zare zai yi shiru, mai rai da matacce, likita ya yanke abin da bai kamata ba yana zaton ya tsira.

An fi sanin wannan a tiyatar shuwanomar jijiyar kunne, wadda ke girma a lungu tsakanin kunne da ƙwaƙwalwa, inda jijiyar motsin fuska ke manne da ita, wani lokaci ƙarin ya shimfiɗe ta ta yi sirantaka kamar fatar albasa. Idan aka yanke ta, ɓarin fuska ya zube, ido ya daina rufuwa, baki ya karkace har abada. A 1991 wani taron ƙwararru da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka kira ya ba da shawarar a riƙa sa ido a kan jijiyar fuska da na'ura a duk irin wannan tiyata. Daga nan aka yi ta gwaje-gwaje a kan ko za a iya ba da allurar kaɗan, ta hana majiyyaci motsi amma ta bar saƙo ya wuce, kuma an samu cewa idan toshewar ba ta cika ba, na'ura tana iya jin amsar jijiya, musamman da yake wasu tsokokin fuska sun fi na hannu jure wa maganin. Duk da haka ni ina cikin masu ganin a guje mata idan da hali, domin jijiyar da ƙari ya shekara yana ja ba ta da murya mai ƙarfi tun asali, ba na son in ƙara rage ta da kaina a daidai lokacin da ake buƙatar jinta. Abin da mukan yi shi ne a ba da allura sau ɗaya a farko domin zura bututu, a bar ta ta fita, sannan a riƙe barcin da furofofol da wani maganin zafi mai saurin fita kamar remifentanil ta jijiyar jini, mutum ya yi nisa sosai yadda ba zai motsa ba alhali tsokarsa tana amsawa. Kafin likita ya kusanci jijiya, nakan danna na'urar wuyan hannu in ce masa huɗu sun dawo, ya ci gaba.

Warware allurar ma ya samu ci gaba. Tsohon maganin shi ne niyostigmin, wanda ake haɗawa da atirofin, kuma shi ne a yawancin asibitocinmu. Yana aiki, amma sai allurar ta fara saki da kanta, ba ya iya tayar da yatsan da ya kwanta shiru gaba ɗaya. Sabon kuwa, sugamadeks, wanda Turai ta amince da shi a 2008, Amurka kuma a 2015, yakan kama ƙwayar rokuroniyam ya kulle ta a cikinsa a fitar da su ta fitsari daga baya, tsoka kuma ta dawo cikin 'yan mintuna ko da toshewar ta yi zurfi. Yana da tsada, ba ko'ina ake samu ba, kuma ba ya aiki a kan atrakuriyam. Idan an yi amfani da shi ga mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, a sanar da ita cewa yana iya rage ƙarfin ƙwayar, ta ƙara wata kariya har kwana bakwai.

Na dawo kan ƙwayoyin kemis. Babu ɗaya daga cikinsu da ke rage ƙarin kuben jijiya, kuma ba a ba da su domin haka. Ciwon da take ji ba daga ɗaurewar tsoka yake ba, jijiya ce ake dannewa ko ake ci, saboda haka iyakar abin da za su yi shi ne su sa ta kasala ta samu barci, lokaci kuma yana tafiya. Wannan ne ya dame ni. Tsakanin kashi 8 zuwa 13 cikin ɗari na masu NF1, a tsawon rayuwarsu, ɗaya daga cikin manyan ƙarin da ke cikin jiki yakan rikiɗe ya zama ciwon daji, wato kansa, kuma sau da yawa a shekarun ƙuruciya irin nata yake faruwa. Alamomin da muke tsoro su ne girma da sauri, da ciwo mai naci musamman wanda ke tayar da mutum daga barci, da ƙarin da yake da laushi ya koma tauri, da sabon rauni ko mutuwar jiki a gaɓa. Ka lissafa biyu daga ciki a saƙonka. Wannan ba ya nufin kansa ce, domin ƙari marar illa ma yana girma yana ciwo, amma yana nufin a hanzarta hoton MRI, da hoton PET inda ake da shi, da ɗibar ɗan nama a gwada, domin sakamakon ne zai nuna irin tiyatar da za a yi: ta lallaɓa jijiya a ɓare ƙari, ko ta yankewa da faɗi. Ƙananan ƙullutan fata kuwa, waɗanda suka fi damun mutane saboda kallo, ba su ne ke rikiɗewa ba.

Magungunan da bincike ya nuna suna rage irin wannan ƙari na wani gida ne daban. Ƙwayar gadon NF1 aikinta shi ne taka wa wani saƙon girma birki a cikin ƙwayar halitta, idan ta lalace sai saƙon ya yi ta gudu, don haka aka nemi maganin da zai tare shi a gaba. Selumetinib shi ne na farko, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Afrilun 2020 domin yara masu babban ƙarin da ba ya fiɗuwa, bayan gwajin da kusan kashi biyu cikin uku na yaran ƙarinsu ya ragu da aƙalla kashi 20 cikin ɗari. A watan Fabrairun 2025 aka amince da mirdametinib, wanda ya haɗa da manya. Ba sa kawar da ƙari, rage shi suke yi, suna da illoli a fata da ciki da kuma zuciya da ido da ake sa wa ido, tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma ba su ne maganin ƙarin da ya riga ya zama kansa ba, wannan tiyata ce gaba da komai.

Kada ta yanke ƙwayoyin kwatsam idan bakulofen ne ko tizanidin ko diyazefam kuma ta yi makonni tana sha kullum, domin yankewar bakulofen da diyazefam lokaci ɗaya tana iya kawo rikicewa da farfaɗiya, ta tizanidin kuma hawan jini da bugun zuciya. Likita ne zai rage mata a hankali ya musanya da maganin ciwon jijiya na gaske. Ranar da za ta ga likitan barci, wadda ya kamata ta zo kwanaki kafin tiyata ba da safiyar ranar ba, ku tafi da kwalayen duk abin da take sha, har da na gargajiya, da hotunan MRI ɗin kansu ba takardar sakamako kaɗai ba. Ta faɗa masa idan muryarta ta canja, ko tana shaƙewa in ta kwanta rigingine, ko haɗiya tana mata wuya, ko akwai yiwuwar ciki. Kai kuma ka tambayi manya a gida ko an taɓa yi wa wani a dangi tiyata ya daɗe bai farka ba ko jikinsa ya yi mummunan zafi a kan tebur, domin waɗannan biyun gado ne da ke shafar zaɓin allura kai tsaye, kuma ba a ganinsu a hoton MRI.